Filin Tambaya da Amsa: Wa ke da hanya a kan ruwa?

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga zirga-zirgar jiragen ruwa, tun daga Yawuri har Fatakwal. Mun haɗa kai da masu aikin tuƙi da masu duba lafiyar jirage, ga abin da ya samu.

Tambaya: Ina tuƙa jirgin inji tsakanin Yawuri da ƙauyukan tsallake. Ranar kasuwa mukan yi kiciɓis da wasu jiragen, kowa na daga wa ɗan'uwansa hannu ya kauce. Shin akwai wata ƙa'ida, ko kuwa mai babban jirgi ne ke da hanya?
Daga wani matuƙi, Yawuri.

Amsa: Malam, akwai ƙa'ida, kuma ta girme wa yawancin matuƙan yau. Dokokin kauce wa karo da ƙasashen duniya suka amince da su a 1972 su ne tushe, dokokin koguna kuma a kansu aka ɗora su. A Najeriya hukumar NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ita ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida.

In kun fuskanci juna gaba da gaba, kowa ya karya dama, ku wuce juna ta gefen hagu, kamar dai motoci a titin ƙasar nan. Yawancin karon da ake yi a irin wannan haɗuwa daga abu ɗaya yake tasowa: ɗaya ya karya dama, ɗaya ya ga kamar hagu ta fi fili ya karya can, sai su haɗu a tsakiya. Ko da hagu ta fi faɗi, dama za ka bi. Kuma ka karya tun da nisa, karyawar da ɗan'uwanka zai gani da idonsa. Ɗan murɗa hannun inji kaɗan-kaɗan ba ya sanar da kowa nufinka.

In kuwa hanyoyinku za su gitta juna ne, duba ta ina ya ɓullo maka. Wanda ka gani ta hannun damanka shi ke da hanya. Kai za ka rage wuta ka bi ta bayansa, kada ka yanke ta gabansa. Shi kuma ya riƙe hanyarsa da gudunsa don kada ya rikita ka, sai fa in ya ga ba ka da niyyar kaucewa, to dole ya ceci kansa. Akwai dabarar gane ko za ku yi karo: ka saita jirgin nan da wani abu a naka, misali sandar rumfa. In yana ta ƙara girma amma bai gusa daga saitin sandar ba, to wuri ɗaya kuka nufa a lokaci ɗaya.

Mai son wuce wani daga baya, kaucewa duk a wuyansa take har sai ya yi nisa. Jirgin inji kuma shi ke kauce wa mai filafili da masuntan da ke jan taru, ya kuma sassauta in zai gifta ƙaramin kwale-kwale, domin igiyar da farfela ke tayarwa ta isa ta cika shi da ruwa. Girman jirgi yana shigowa ne a matsatsin hanya kawai: ƙaramin jirgi, wanda bai kai mita 20 ba, ba ya tare wa babban da ba zai iya barin zurfin tsakiya ba. A kogi kuma matuƙa sun san mai hawa shi ke dakata wa mai gangara a matsatsi ko ƙarƙashin gada, don mai hawa yana iya tsayawa cak ruwa na riƙe da shi, mai gangara kuwa ruwa ke tura shi.

Ka ajiye usur ko oda, ka daina dogara da ihu, ƙarar inji tana cinye shi. Busa gajere ɗaya, na karya dama. Biyu, na karya hagu. Uku, injina na ja da baya. Biyar a jere, ban gane nufinka ba, yi hattara. Dogon busa ɗaya na daƙiƙa huɗu zuwa shida ana yinsa ne in an doshi kwanar da ba a ganin abin da ke bayanta, a cikin hazo kuma ana maimaita shi kafin kowane minti biyu ya cika.

Tambaya: Mukan tashi kasuwa da la'asar sakaliya, sai matuƙi ya ce doka ta hana tafiya bayan shida. To in yana da tocila mai haske, mene ne laifin?
Daga wata 'yar kasuwa, Warra.

Amsa: Hajiya, matuƙin nan gaskiya ya faɗa miki, ki riƙe shi. NIWA ta hana jiragen fasinja tafiya daga shida na yamma zuwa shida na safe. Tocila tana sa a gan ku, amma ba ta nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968, ya shanye garuruwa da dazuzzuka, tsohuwar Bussa ma tana ciki, kuma kututturan nan ba duka suka ruɓe ba. Da rana gogaggen matuƙi yana gane su daga yadda ruwa ke murɗawa a kansu. Da dare sai dai ya ji ƙara a katako. Hatsarin Patigi na watan Yunin 2023, wanda ya ci mutum fiye da ɗari da ke dawowa daga biki, da dare ne. Na Gbajibo a yankin Mokwa a Oktoban 2024, shi ma da dare. Kuma in jirgi ya kife cikin duhu, masu ceto ba sa ganin wanda za su tsamo.

Jiragen da aka yarje wa tafiyar dare, irin na teku, fitilunsu magana suke yi: ja a gefen hagu, kore a gefen dama, fara a sama da kuma baya. In kin ga ja da kore tare, jirgin kanki ya nufo. In fara kaɗai kika gani, galibi bayansa kike kallo, ko kuma ƙaramin jirgi ne, ko wanda ya jefa anka.

Tambaya: Ta yaya fasinja zai gane lodi ya yi yawa, alhali yana ganin akwai sauran wurin zama?
Daga wani malamin makaranta, Lokoja.

Amsa: Malam, wurin zama ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi, a tsakiyarsa inda ya fi ƙasa. Bari mu yi lissafi, tun da sana'arka ce. Ɗauki jirgin katako mai tsawon mita 15 da faɗin mita 2. Saboda tsukewar gaba da baya, filin da ya zauna a kan ruwa zai kai kamar murabba'in mita 21. Ke nan duk kilo 210 da aka ƙara, jirgin zai nutsa da santimita ɗaya. Manya uku ke nan, ko buhun masara biyu. Ƙara mutum talatin, ya sauka santimita goma. Ɗora babura biyar da buhu goma, wasu santimita bakwai sun tafi. Jirgin da ya bar kwata da tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ƙaramar iska a tsakiyar kogi ta ishe shi. Jirgin da ya nutse a kusa da Warra a watan Mayun 2021 yana ɗauke da mutum fiye da 150 ne.

Inda aka ɗora kayan ma yana da nasa. Mai nauyi ƙasa, a tsakiya, a ɗaure. Kaya a kan rumfa da fasinjoji a tsaye suna ɗaga nauyin sama, jirgi ya riƙa tangaɗi yana jinkirin dawowa daidai. Wannan jinkirin alama ce mara kyau, ko da masu jirgi sun ce ai haka yake yi kullum. Sai ruwan da ya taru a ciki: kowace lita kilo guda ce, kuma yana gangarawa duk gefen da jirgi ya karkata ya ƙara danne shi. Shi ya sa yaron jirgi ba ya ajiye abin kwalfe ruwa. In wani abu ya faru, kowa ya zauna inda yake. Rugawa gefe ɗaya ta kifar da jiragen da ɓular da ke jikinsu ba za ta nutsar ba.

Rigar kariya kuwa doka ce, ga kowane fasinja, tun kafin ya taka jirgi. A ɗaure maɗaurinta tam; in an kama kafaɗunta an ja sama ta haura kunnuwa, to a ruwa zamewa za ta yi. Ta babba ba ta yi wa yaro. Wadda soson cikinta ya lotse saboda an mai da ita matashin zama, ta gama aiki. Wanda kuma ya ce ya iya iyo, a tambaye shi ko ya taɓa yi da babbar riga, mutum biyu na riƙe da wuyansa.

Tambaya: Ina aikin jirgin kamun kifi a wajen Fatakwal. Sojojin ruwa sukan kore mu daga kusa da rijiyoyin mai, alhali can kifi ya fi taruwa. Ruwan Allah ma yana da shinge ne?
Daga wani ɗan ci-rani, Fatakwal.

Amsa: Ɗan'uwa, yana da shi, ko da ba a gani. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasa ikon keɓe har mita 500 kewaye da dandamalin haƙar mai, ana aunawa daga gefensa na waje. Kifi na taruwa can saboda inuwa da hasken fitilu, gaskiya ne. Amma a ƙarƙashi akwai bututu da wayoyi da sarƙoƙin anka da za su riƙe ragarku, a sama akwai iskar gas da tartsatsin inji ko taba zai iya kunnawa, ga jiragen kai kaya da ba sa iya kauce muku. In injinku ya mutu ruwa na jan ku can, ku kira ta rediyo a tasha ta 16 ku faɗi halin da kuke ciki tun kafin ku shiga da'irar.

Na gida ma su ji: irin wannan haɗarin yana nan a madatsun Kainji, Jebba da Shiroro. Ta sama, ruwan da ke shiga injinan lantarki yana ja a hankali har sai filafili ya kasa. Ta ƙasa, in an buɗe ƙofofi ruwa na tashi cikin ɗan lokaci, kuma inda yake zubowa yana juyawa ya mai da kwale-kwale gindin bango. Ruwa mai kumfa kuma ba ya ɗaukar jirgi ko mutum kamar ruwa tsantsa.

Tambaya: Gangunan nan ja da kore da ke yawo a hanyar shiga tashar Legas, mene ne amfaninsu?
Daga wani mai karatu, Apapa.

Amsa: Gefen hanya suke nunawa. A tsarin da Afirka da Turai ke bi, mai shigowa daga teku ko mai hawan kogi yana barin ja a hagunsa, kore a damansa. Mai fita kuma akasin haka. A Amurka launin a juye yake. Haramun ne a ɗaure jirgi ko raga a jikinsu, domin in aka ja guda ta gusa daga mazauninta, babban jirgin da ke tafe da dare zai bi ta har kan yashi.