Hukuncin Ɗage Shiga Jami'a Don Aikin Sa Kai A Ƙasar Waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na gama sakandare kuma na samu gurbin karatu a jami'a. Wata ƙungiya ta ce za ta kai ni Gambiya in yi wata tara ina koyar da yara kyauta, amma ni zan biya kuɗin jirgi. Ina son in ɗage karatun shekara guda, in ga duniya, in samu lada. Baba ya ce in yi yadda na ga dama, Umma kuwa ta ce ba da yawunta ba. Mene ne hukuncin tafiyata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, niyyarka tana da kyau, Allah ya ba ka ladanta. Tafiya a bayan ƙasa asalinta halal ce. Allah ya yi umarni da ita don lura da halittarsa a Suratul Ankabut aya ta 20, kuma koyar da yaran da ba su da malami yana cikin taimakekeniya a kan alheri da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta ambata. Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya. Shi ma ɗage karatun boko shekara guda ba zunubi ba ne a kan kansa.

Amma tafiyar nan taka, a halin da ka bayyana, ba ta halatta ba sai mahaifiyarka ta yarda. Dalili kuwa, aikin sa kai nafila ne gare ka, biyayya gare ta kuma farilla ce, ba a barin farilla don nafila. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wani mutum ya nemi izinin fita jihadi, sai Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye. Da ya ce e, sai ya ce masa ya yi jihadinsa a cikin hidimarsu. A ruwayar Abu Dawuda, wani ya zo yin mubaya'a a kan hijira, ya baro iyayensa suna kuka, aka ce ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Shi ya sa Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ba a fita yaƙi sai da izinin iyaye biyu, in ba abokan gaba ne suka afka wa gari ba. In jihadi da hijira sun jira iznin uwa, ina ga koyarwar wata tara? Kuma maganar babanka ba ta ɗauke haƙƙinta ba. Ni ma dai "yi yadda ka ga dama" daga bakin uba, sau da yawa ba yarda ba ce, gajiya ce da gardama. Ka sake zama da shi.

Ka tambayi Umma a natse abin da take tsoro, don wataƙila ta hango abin da ba ka gani ba. Sakamakon JAMB na shekararsa ne kawai. Idan jami'a ba ta ba ka takardar amincewa da ɗage karatu ba, mai sa hannu da hatimi, gurbin zai iya kuɓucewa, ka dawo ka sake zana jarrabawa tare da ƙannenka. Alƙawarin baki daga wani ma'aikaci ba hujja ba ne.

Sannan ita ƙungiyar, wa ya san ta? Tana da rajista da ofishin da za a iya zuwa? An taɓa ganin wanda ta kai ya dawo? Wa zai riƙe fasfonka a can? Masu safarar mutane da irin wannan daɗin baki suke kamun matasa, kuma saboda su aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko ka ɓoye wa iyayenka maganar, ka guje shi. Ka kuma bincika masauki: ba cakuɗuwar maza da mata a ɗaki ɗaya, akwai halin salla da abincin halal, kuma ba za a sa ka yaɗa abin da ya saɓa wa addininka ba. Gambiya ƙasa ce da Musulmi suka fi yawa, wannan ya sauƙaƙa, amma tsarin ƙungiyar shi ne abin dubawa.

Idan waɗannan suka tabbata, Umma ta yarda da zuciya ɗaya ba don ka matsa mata ba, to ka tafi, babu laifi. Ka yi kasaru a hanya, in ka sauka da niyyar zaman kwana huɗu ko fiye sai ka cika sallarka, kamar yadda yake a mazhabar Malikiyya.

Idan ta tsaya a kan bakanta, ka shiga jami'arka. Makarantun firamare da Islamiyyun unguwarku suna neman mai koyarwa a lokacin hutu. Bayan ka ƙware a fanninka kuma, akwai shirin TAC na gwamnatin Najeriya, wanda tun 1987 yake tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Lokacin za ka je da ilimin da yaran za su fi amfana da shi.

Wallahu a'alam.