Sau Ɗaya Na Taɓa Zana wa Mutum a Takarda

Kai Habu, ajiye wayar nan tukuna in amsa kake so. Ka ce yaya nake sanin abin da zan zana a bango alhali ba ka taɓa ganina da takarda ko fensir ba, sai dai in tsaya ina kallon ɗanyen yaɓe kamar wanda aka yi wa rasuwa, can kuma in sa hannu. Da wani yaron ne ya tambaya, da na ce ya je ya ƙaro ruwa a kwaɓi. Amma ka ambaci takarda, ni kuwa takarda ta taɓa cutata.

Ba zan zauna ina koya maka cuɗa ƙasa ko jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da muke ƙarfafa yaɓe da shi, ba. Shekararka biyu a hannuna, in har yanzu wannan na ba ka wuya, gara ka nemi babur ka shiga acaɓa. Abin da ba ka lura da shi ba, lokacin da nake tsayuwar nan rana nake kallo. Zanen tudu da kwari inuwa ce ke fito da shi. Bangon da ya kalli yamma sai bayan la'asar yake magana, don haka kana iya sirantar da layukansa, inuwar za ta ƙara musu jiki. Wanda ya kalli gabas kuwa shi hadari ke fara mari, tunda ruwanmu daga gabas yake tasowa. Ka yi masa ƙananan layuka, damina biyu ta lashe su.

Sauran kuma ido ne ke tara shi tun kafin a kira ka aiki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan kore ni daga wurin gini ya ce in je in zauna bakin kududdufi da rani in ga yadda laka ke tsattsagewa. Na ɗauka wulaƙanci ne. Sai da na girma na gane babu tsaga biyu masu kama ɗaya, amma duk sun zauna lafiya da juna. Haka hannun kabewa in ya kama danga yana naɗewa, haka saiwar rimayen nan na cikin birni in ta fito ta kwanta a ƙasa. Dagi da kowa ke yi, ai kowa ya iya. Inda layi zai karya, da inda za ka ɗauke hannu ka bar wuri fayau, shi ne ba a karantawa a allo.

To, bari ka ji ta takarda.

A 1983 ƙyanda ta ɗauke mini 'yata ta fari, tana da shekara huɗu. Na fi wata biyu ban taɓa ƙasa ba. In gari ya waye sai in kama hanya in tafi bakin rafin Kubanni na nan Zariya in zauna, don gidan ya yi mini ƙunci. Wata rana bayan an ɗauke ruwa, na ga inda ruwan ya gangaro kan yashi ya bar layuka sirara, sun zo sun tarar da wani ɗan dutse, sun rabu biyu sun kewaye shi, sun sake haɗewa a ƙasa. Wani yaro ya zo ya ɗauke dutsen ya jefa a ruwa, sai gurbinsa ya rage, layukan na kewaye da wofi. Wallahi kitson da uwarta ta yi mata na ƙarshe na gani a wurin. Na daɗe ban tashi ba. Zanen nan ya zauna mini a ƙirji, ina jiran bangon da ya dace da shi.

Da rani ya shigo sai ga wani Alhaji ɗan kwangila, yana gina gida a Tudun Wada, yana son a yi masa fuskar zaure. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na nan. Na je na ga bangon, yana kallon yamma, faɗinsa daidai, zuciyata ta ce ga shi nan. Mutumin akwai zaƙin baki. Gwani kaza, gwani kaza, har da cewa ya zagaye birni bai ga hannu irin nawa ba. Sai ya ce amma in zana masa a takarda, zai nuna wa injiniyansa. Ban taɓa yi ba. Na sayi takarda, na ari alƙalami da tawada wurin malamin allo na unguwarmu, na kwana uku a gaban aci-balbal ina fama, hannun da ya saba da laka yana rawa a kan abin da bai kai tafin hannu biyu ba. Na kai masa, ya duba, ya ce ma sha Allah, in je in haɗa kaya, kuɗi ba matsala ba ne.

Laso, simintinmu na gargajiya, na yi niyyar yi masa, na gaske, irin wanda ruwa ke zamewa a kai. Na je marina na sayi katsi, wato abin da ke kwanciya a ƙasan ramin rini, na je majema na auno gashin jima, na sa aka nemo mini dafara, tsiron nan mai yauƙi, daga ƙauye. Na kama leburori biyu na ba su kafin alƙalami. Kuɗina bai isa ba, na sayar da kekena. Keken nan, Habu, shekara uku ina adashi kafin in mallake shi.

Daga nan Alhaji ya zama iska. Yau ya tafi Legas, gobe yana barci, jibi yana da baƙi. Na yi ta sintiri a ƙafa daga cikin birni, in fita ta Ƙofar Doka har Tudun Wada. Ran nan na iso sai na hango katakon hawa a jikin zauren, ga wani yaro da bai kai ka ba a sama, takardata manne a bango da ƙusa, yana kwafa da siminti. Ya daidaita layukan duka sun zama ɗaya kamar an awo su da igiya. Tsakiyar nan kuwa da na bari wofi, wai ya ga kamar mantuwa na yi, sai ya cusa agogo a ciki. Agogo! Daga baya suka bi shi da fentin mai, kore da rawaya.

Na tsaya har Alhaji ya fito. Ko kunya babu, ya ce, "Haba Malam, takarda ce fa. Nawa ake sayar da takarda?" Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini naira goma. Lokacin kuwa ana tsakiyar canjin kuɗi na 1984, mutane na kwana a layin banki, tsohuwar takarda ya ba ni wadda saura kwanaki a daina karɓa. Na bar masa ita a ƙasa. Na kai kuka wurin manyanmu na sana'a, suka ce ba shaida, in bar wa Allah. Na bar masa, amma har yau in hanya ta bi da ni layin nan, ɗaya gefen nake kallo. Katsin ya yi shekara a bayan ɗakina, uwargida na mita.

Ai ba a kaina aka fara ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ana ba da labarin cewa da ya gama wani masallacin a Birnin Gwari kashe shi aka yi don kada ya gina wa wani irinsa. Ka shiga na Zariyar ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon nan nasa, ginin da ya lanƙwasa ya tallafe rufin, ƙasa ce da azara kawai, ka gaya mini wace takarda ce za ta ɗauke su.

Ku yanzu mai gida zai buɗe Facebook ya nuna muku hoton wani gida a Dubai, ku ce an gama. 'Yan jami'a ma na zuwa daga Samaru da manyan littattafai suna tambayata ma'anar wannan layi da wancan, in ce musu layi ne, su rubuta. Aƙalla su suna gaisuwa. Kai kuwa jiya ina aikin fuskar nan, ka ɗaga waya kana ɗaukata ba ko sallama, na gan ka.

Gobe bayan asuba kada ka zo nan. Ka wuce kududdufin bayan ganuwa ka zauna har hantsi, wayar kuma ka bar ta a gida. In ka dawo akwai guntun bango a bayan makewayi, zan yaɓe maka shi. Yanzu tashi ka rufe kwaɓin can da buhu, iska na shan shi.