Kafin ka taɓa tsohon hoto, karanta shi

Ka tambaye ni dalilin da ya sa nake ɗaukar lokaci ina ƙura wa tsofaffin hotunan titunan Kano ido kafin in ɗora su kan sikana, alhali akwai manhajar da za ta goge tabo, ta sa launi, ta gama cikin minti ɗaya. Ɗana, amsar ita ce mai gyaran hoton da bai san abin da ke cikinsa ba, shi ne zai share abin da ya fi daraja yana zaton datti ne.

Ɗauki wannan na wajen tashar jirgin ƙasa da aka kawo mana. Kai dalar gyaɗa ka gani, kowa ma ita yake fara gani. Amma sauke idonka ƙasa. Ga jakuna da mangala, ga 'yan dako da buhu a ka, ga amalanke, can baya kuma ga tarago a kan dogo. A takarda ɗaya ka ga yadda kaya ke tafiya tun daga ƙauye har bakin teku. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa zuwa masaƙun Lancashire a Ingila, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma ko ba a saya ba ana ci, suka karkata can. Dalar kanta ba ado ba ce. A lokacin, gyaɗa na shigowa da kaka fiye da abin da jirgi ke iya kwashewa zuwa Legas, shi ya sa ake jera buhuna har su yi tsiri, wata dalar ta kai buhu 15,000. In ka san wannan, ba za ka yanke gefen da taragon yake don hoto ya shiga firam ba.

Sai maganar shekara, wadda ita masu kawo hoto suka fi tambaya, kuma a nan ake gane gwani. Abin hawa ya fi fuskar mutum faɗin gaskiya. Dubi hannun da motoci ke bi. Nijeriya ta yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu, 1972, daga hagu zuwa dama. Don haka titin da ka ga motoci na bin hagu, kafin wannan rana aka ɗauke shi. Sai dai a kiyaye: in aka kifa dodon hoto wajen wankewa, komai zai juya, hagu ta koma dama. Saboda haka kafin ka yanke hukunci nemi rubutu, ko allon kanti, ko lambar mota, ko abin da aka rubuta a goshin babbar mota mai bodin katako. In rubutun ya karantu daidai, to hannun gaskiya ne. In ya fito a birkice, kai za ka juya hoton a kwamfuta, ka kuma gaya wa mai shi. Allon da ke nuna farashi da fam da sule ya riga Janairun 1973, lokacin da naira da kobo suka shigo. Motar Peugeot kuwa ta ƙara yawa a titi bayan da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Jirgin sama ma yana taimakawa, tunda na farko sun sauka Kano ne a 1925.

Akwai abin da na ga kana shirin gogewa: wancan duhu-duhu mai kama da hayaƙi a tsakiyar titi. Mutum ne. Kyamarar da tana buƙatar a bar idonta a buɗe ɗan lokaci, duk abin da ke motsi sai ya fito a shafe, gini da itace kuma su fito tas. Wannan shafewar ce ke nuna maka titin a raye yake, ana kai da komo. Ni ina ƙaunar irin waɗannan mutane fiye da wanda ya tsaya ya gyara hula, domin ba su san ana ɗauka ba, neman abincinsu kawai suka fito. Manhajar da kake magana za ta ƙaga masa fuskar da ba tasa ba, ta sa wa rigarsa launin da ta ga dama. Garin da marinar Ƙofar Mata take, a ce na'ura ce za ta zaɓa wa mutanensa launin riga da ka? In mai hoto ya nace yana son mai launi, yi masa, amma ka ba shi na asali tare, ka faɗa masa ƙarara cewa launin hasashe ne.

Wajen aikin hannu, ga yadda nake so ka riƙa yi. Wanke hannu, ka shanya su, ka riƙe hoto ta gefe. Kada ka sa ƙasa da ɗigo 600 a kowane inci a sikana, ƙaramin hoto ma ka ƙara, don lambar motar nan da ba a gani da ido ta fito. Ajiye na farko yadda yake da tabonsa, gyara a kan kwafi kake yi. Ɗauki bayan hoton ma, saboda hatimin shagon da ya wanke shi ko rubutun wani tsoho na iya warware abin da gaban ya kasa. Hoton da ya manne da gilashin firam kada ka ɓamɓare shi, fatar hoton ce za ta biyo gilashin, ɗauke shi haka da gilashinsa. Leminetin kuma haramun ne a shagon nan ga tsohon hoto, zafi da gam suna shiga jikinsa kuma ba ya fita. In za a yi rubutu a baya, da fensir mai laushi, ban da biro. Ka ja kunnen mai shi kan danshin damina da gara, su ne suka cinye yawancin hotunan garin nan.

Gobe da safe ɗauko na titin Fagge, wanda ke da kekuna jingine a gaban kanti. Kada ka kunna kwamfuta tukuna. Ɗauki madubin ƙara girma, ka rubuta mini duk abin hawan da ka gani, da hannun da suke bi, da inda inuwa ta faɗi, sannan ka faɗa mini tsakanin wace shekara da wace shekara kake ganin an ɗauke shi, da hujjarka.