Tsohon injin lambu: wanne za a saya, wanne za a bari

Assalamu alaikum. Ina zaune a Bradford, na yi ritaya, kuma ina son shiga sahun Turawan nan masu tayar da tsofaffin injinan lambu. Na ga biyu a intanet: injin yankan ciyawa Suffolk Punch, komai nasa na jiki amma ya daɗe a ajiye, da wani Atco na kafin yaƙin duniya na biyu wanda ba shi da kafireto, kuma ya fi araha. Zuciyata tana wajen Atco. Me kake gani?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ɗauki Suffolk ɗin. Na san abin da ya ja ka: Atco tsohon gida ne, tun 1921 kamfanin Charles H. Pugh na Birmingham ya fara fitar da shi, kuma yana da kwarjini a filin baje koli. Amma a wannan harka kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi. Abin da ke cin aljihu shi ne farautar abin da ya ɓace. Kafireton injin da ya kusa shekara ɗari ba a shago yake ba, sai ka jira wani ya farfasa nasa ya sayar gunduwa-gunduwa, kuma ranar da ya fito ba kai kaɗai ke jiransa ba. Suffolk Punch kuwa, wanda aka fara ƙerawa a Stowmarket a 1954, an yi shi da yawan gaske, har yau gaskit da fulogi da kayan kafiretonsa ba sa wuyar samu. A kansa za ka koyi hannu ba tare da fargabar ɓata abin da ba shi da madadi ba.

Sai dai ba a cinikin biri a sama. Je ka gan shi. Ja igiyar tayarwa a hankali: in ka ji ta yi sauƙi, sannan ta turje, sannan ta sake, fistin yana da rai. In ta tsaya cak, injin ya kame, wannan kuma aiki ne na daban. Cire fulogi, jingina shi da jikin injin, a ja igiya ka duba ko shuɗiyar wuta za ta yi tsalle. Rashin wuta ba ya hana saye, don sau da yawa datti ne a kan foyin (ƙananan ƙarafan da ke haɗuwa su rabu don a ba fulogi wuta), ko kuma 'yar na'urar wutar da ake kira kwandansa ce ta mutu. Abin da zai sa ka juya ka tafi shi ne tsagewa a jikin ƙarfen zubi, ko wuƙaƙen gaba da suka lanƙwashe saboda cin dutse. Leƙa cikin tanki da fitilar waya. Tsatsa sama-sama tana wankuwa, amma in ka ga ƙasan tankin ya yi ƙuraje, huda tana tafe.

Kuma kafin ka biya, yi rajista da ƙungiya. Akwai Old Lawnmower Club, wadda aka kafa a 1990, tana taronta na shekara a gidan tarihin Milton Keynes, akwai kuma Vintage Horticultural and Garden Machinery Club mai ɗaukar har injinan kaftu da ƙananan taraktoci. Amfaninsu ba hira ba ce kawai. A wurinsu ake samun kwafin littafin injin, kuma dattijon da ya kwance irinsa sau da dama zai gaya maka farashin da ya dace kafin a yi maka wayo. Ka tanadi sifanun Whitworth ma. Yawancin notocin tsofaffin injinan Ingila ba ma'aunin milimita ba ne, sifanar zamani takan yi musu ɗan yawa, ta cinye kusurwar noti tun a juyin farko.

Maigidana ya shigo mana da wani dodon inji mai haƙora a gaba, wai Allen Scythe, muna da yara ƙanana a gidan. Yana da haɗari? Kuma man da muke zuba wa mota zai yi masa?

Hajiya, damuwarki tana kan hanya. An ƙera wannan inji a Oxford daga 1935 zuwa 1973 don yankan doguwar ciyawa, kuma yana da wani hali da ya kamata kowa a gidan ya sani: kulocinsa ƙafafu kawai yake tsayarwa. Muddin injin na kunne, haƙoran nan suna ta yanka, ko da yana tsaye wuri ɗaya. Don haka a tura yara cikin gida kafin a tayar da shi, kuma kada maigida ya sa hannu cire ciyawar da ta maƙale sai ya kashe ya zare wayar fulogi.

Batun mai, a'a. Tun Satumban 2021 fetur na gama-gari a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan laima, yana kuma cin tsohuwar roba da tiyo. Ya sayi mai alamar E5, ya riƙa juye tanki idan za a ajiye injin lokacin sanyi. In injinsa Villiers ne irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, tsohon ma'aunin shi ne kashi 16 na fetur, kashi 1 na baƙin mai. Ya duba lambar injin ya tabbatar, don an yi wasu da ba a haɗa musu.

In kankare tsohon fenti in yi sabo, ko in bar shi?

In fentin asali da tambarin kamfani suna nan, wanke, shafa ɗan mai, ka bar shi. Masu tarawa da yawa sun fi daraja hakan a kan sabon ƙyalli. Idan tsatsa ta ci ƙarfe har ba makawa sai an kankare, a yi a waje da takunkumi, a jiƙa wurin, saboda fentin wancan zamani yakan ƙunshi dalma.

Daga Kano nake. An yi mini tallan tsohon injin Lister na niƙa, mai shi ya rantse ɗan Ingila ne ba ɗan Indiya ba, ya kuma tsuga kuɗi. Ta yaya zan gane?

Malam, rantsuwa ba shaida ba ce a nan. Samfurin da aka fi sani, Lister CS mai doki 6 da silinda ɗaya, a garin Dursley na Ingila aka ƙera shi, kuma masana'antun Indiya, musamman na Rajkot, sun ci gaba da kwaikwayonsa. Nemi farantin tagulla mai lambar injin a jikinsa, ka duba ko ƙusoshin da suka riƙe shi na asali ne, don ana ciro faranti daga mataccen inji a liƙa wa wani. Ka shafa jikin zubin: na Ingila yakan fi santsi da daidaito. Sa a buɗe ƙofar gindi ka zura yatsa a lungunan da baƙin mai ke kwanciya. In ka ji tsakin yashi, ragowar yashin zubi ne da ba a wanke ba, matsalar da aka san wasu kwafin da ita, kuma shi ke cinye metal, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansa. Idan niƙa za ka yi da shi kullum, ɗan Indiya mai lafiya ya ishe ka, safayarsa ma ta fi samuwa. Ka biya shi kuɗin ɗan Indiya kawai.