Awa daya da rabi a Frankfurt: zai isa ka kama jirgin Madrid?

Dan'uwa, ka ce kai dalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, za ka tashi daga Abuja zuwa Madrid, kuma tazarar da ke tsakanin saukarka a Frankfurt da tashin jirgi na biyu awa daya da rabi ce kawai. Lokacin zai iya isa, amma ba shi da rara ko kadan.

Dalili shi ne Jamus, inda Frankfurt take, da Sifaniya, inda Madrid take, duk suna cikin yankin Shengen, wato rukunin kasashen Turai da ba a saba duba fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu ba, saboda haka a Frankfurt jami'an shige da fice za su duba fasfonka da bizarka, ba a Madrid ba, kuma layin wadanda ba 'yan Tarayyar Turai ba ne yakan yi tsawo da safe, lokacin da jiragen nesa ke sauka a jere. Jami'in yana iya tambayar inda za ka sauka da ranar komawarka, don haka ka rike takardar gayyata, da shaidar masauki, da tikitin dawowa a hannu, ba a kasan jaka ba.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne yadda ka sayi tikitin. Idan tikiti daya ne, kayanka za su wuce kai tsaye, kuma in jinkirin jirgin farko ya sa ka makara, kamfanin ne zai saka ka a jirgi na gaba. Idan daban-daban ka saya, ina ba ka shawara ka canza shi tun kana Zariya, domin dauko kaya da sake auna su kadai na iya cinye lokacin.

Ka nemi kujera kusa da gaba, ka karbi katin shiga jirgi na biyu tun a Abuja, kuma idan layi ya tsaya, ka nuna wa ma'aikaci lokacin tashinka cikin ladabi.