Kafin ku sayi manhajar bin rabuwar ƙwayoyin halitta

Tambaya: Ina bin rabuwar ƙwayoyin garkuwar jiki da rinin CFSE a na'urar saitomita (mai auna hasken ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya), amma tuddan jadawalin haske da ke fitowa a allo, waɗanda kowannensu ke nuna zuriya guda, duk a cakuɗe suke. Wace manhaja zan saya ta raba mini su, FlowJo, FCS Express ko ModFit LT?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Duk ukun suna wannan aiki, kuma babu wadda za ta fito maka da tudun da babu shi. Dabarar bin rabuwa da CFSE da masu bincike Lyons da Parish suka wallafa a 1994 abu ɗaya ta dogara da shi: duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, kowace 'ya tana ɗaukar rabin rinin, sai haskenta ya ragu da rabi. Idan aka yi rini da kyau, ana iya ganin zuriya bakwai zuwa takwas kafin hasken ya nutse.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a zuba kuɗi a lasisi, a bar kwalbar rini tana shan raɓa. CFSE ba ya jure danshi. A narkar da shi a sinadarin narkarwa na DMSO marar ruwa a ciki, a raba shi ƙananan kwalabe, a daskarar. Wanda aka yi ta narkarwa ana mayarwa ya tashi aiki. Kada ku sayi rinin da aka juye a kwalba marar suna don wai ya fi araha, ba ku san sau nawa ya ga iska ba. Kuma idan kun rina ƙwayoyi cikin ruwa mai yawan furotin, furotin ɗin ne zai shanye rinin. Idan kun cika shi da yawa, ƙwayoyin su sha wuya su ƙi rabuwa. Sannan ina samfurin da aka rina amma ba a zaburar da ƙwayoyinsa su rabu ba? Da shi manhaja ke gane tudun farko, na ƙwayoyin da ba su rabu ba. Babu shi, lissafi ya zama canki-canki.

Tambaya: An ba ni kwafin FlowJo da aka fasa, in yi amfani da shi?

Amsa: Haba Malam. Bayanan bincikenka za ka miƙa wa abin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba? Idan babu kuɗi, akwai flowCore kyauta, mai sarrafa bayanan saitomita a manhajar lissafi ta R.

Tambaya: Ƙwayoyina suna ɗauke da GFP, furotin mai fitar da koren haske, kuma na riga na yi odar CFSE. Na rasa barci.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, ba asara ba ce babba. GFP da CFSE duk lesa ta 488 (shuɗiya) ce ke haska su, kuma kore suke fitarwa, don haka ba za a iya bambance haskensu ba. Duba ko na'urarku tana da lesa ta 405. Idan akwai, rinin CellTrace Violet ne naki.

Tambaya: Hasken kusan rabin ƙwayoyina ya dushe. In rubuta cewa rabi sun rabu?

Amsa: A'a. Ɗauki ƙwayoyi 100, 10 kacal suka rabu sau uku. Sun zama 80, sauran 90 suna nan yadda suke. A allo za ka ga kashi 47 cikin ɗari sun dushe, alhali kashi 10 ne suka motsa. Wannan lissafin komawa baya shi ne ainihin abin da kake biyan manhaja ta yi, kuma sai ka cire matattun ƙwayoyi da rinin tantance masu rai kafin ka ba ta.