Amsa: Ta ina zan fara koya wa yara amfanin jirgin ƙasa?

Malama, kin tambayi yadda za ki fahimtar da ɗalibanki amfanin jirgin ƙasa, jiya da yau, ba tare da sun yi ta hamma ba. Ni dai a ganina, kar ki fara da jera shekarun tarihi. Ki ba su ƙaramar ƙwallo su gara a kan yashi, sannan a kan tebur mai santsi. Da idonsu za su ga inda ta fi nisa. To, sirrin ke nan: ƙafar ƙarfe a kan dogo ba ta cin ƙarfi, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan taragai rututu.

Sai tarihi ya biyo baya. A 1825 aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a Ingila, kuma gawayin kwal ne babban kayansa. Landan ta fara jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1863. Amma abin da ya fi ɗaure wa yara kai shi ne agogo: da can kowane gari da nasa lokacin gwargwadon rana, sai jirgi ya sa dole aka daidaita.

In akwai tasha kusa, ki kai su su ƙirga masu sauka daga tarago ɗaya, su lissafa motoci nawa za su kwashe su.